Wanda makulli ke hannunsa zai iya cewa "ai da yardarta ne"?

Hajiya Rabi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna wata doka ta nan Amurka, don na ga wasu mutanenmu da suka ji labarinta suna cewa an yi tsanani. Dokar tarayya ta ce duk ma'aikacin gidan yari da ya kwanta da wanda ake tsare da shi a ƙarƙashin kulawarsa ya aikata babban laifi, ɗaurinsa yana iya kaiwa shekara 15. Ba ruwan kotu da ko da ƙarfi aka yi ko da lallashi. Ko fursunar ta tsaya gaban alƙali ta ce ita ta neme shi, hakan ba zai wanke shi ba. Jihohi 50 duka kowacce tana da tata dokar, kuma da yawa sun haɗa har da jami'in da ke sa ido a kan wanda aka yi wa sakin talala, mutumin da yake kwana a gidansa amma rahoto ɗaya daga jami'in ya isa ya mayar da shi ciki.

Abin da ya sa na tayar da maganar shi ne gidan yarin mata na tarayya da ke garin Dublin a jihar Kalifoniya. A 2022 kamfanin dillancin labarai na AP ya tona cewa ma'aikata da fursunoni su kansu "kulob ɗin fyaɗe" suke kiran wurin. Shugaban gidan, Ray Garcia, kotu ta same shi da laifi a Disambar 2022, aka ɗaure shi wata 70. Shi ne fa wanda a baya yake koyar da ma'aikata da fursunoni yadda ake kai ƙorafin cin zarafi. An ba kura ajiyar nama ke nan. Faston gidan, James Highhouse, wanda mata ke zuwa wurinsa neman nasiha da addu'a, shekara 7 aka ba shi. Aƙalla ma'aikata 7 aka samu da laifi. A Afrilun 2024 gwamnati ta sanar da rufe gidan, a Disambar shekarar kuma ta amince za ta biya mata 103 kusan dala miliyan 116.

Tambayata biyu ce. Daidai ne doka ta ce wanda ke tsare ba shi da yarda? Mu kuma a gida me dokokinmu suka ce?

Sani Mai Waya:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Wanda ya yi fyaɗe a yi masa duk hukuncin da ya dace, wannan babu jayayya. Amma mace baliga mai hankalinta, ita ta yi wa ganduroba fari da ido don ta samu sauƙi, sannan a ce shi kaɗai ne mai laifi? Gidan yari fa ba waliyyai ne a ciki ba. Akwai waɗanda za su iya kitsa wa mutumin kirki sharri su raba shi da aikinsa da mutuncinsa. Ina adalci a nan?

Maman Ilham:
Malam Sani, da bakinka ka ce "don ta samu sauƙi". Sauƙin me? Wa ya sa ta a wahalar, wa kuma yake riƙe da sauƙin?

Barista Hadiza:
Yaya Sani, bari in raba maka abu biyu da ka haɗa. Dokar ba ta ce da zarar fursuna ta yi zargi an ɗaure ma'aikaci ba. Dole mai gabatar da ƙara ya tabbatar wa kotu cewa abin ya faru, da hujja, kamar kowace shari'a. Ƙofa ɗaya ce kawai aka toshe: bayan an tabbatar ya faru, ba zai ce da yardarta ne ba. Wanda bai aikata ba kariyarsa tana nan, zai ce ban yi ba, a kawo shaida.

Ga abin da ke faruwa idan aka bar ƙofar a buɗe. A Satumbar 2017, a unguwar Brooklyn ta birnin New York, 'yan sandan farin kaya biyu suka kama wata yarinya 'yar shekara 18 a kan zargin wiwi, suka sa ta a motarsu. Ta ce da ankwa a hannunta suka yi mata fyaɗe. Gwajin DNA ya nuna su ɗin ne. Da ba su ga hanyar musu ba, sai suka ce ai ta yarda. A lokacin dokar jihar ta hana wa ganduroba wannan uzurin, amma ba ta ambaci ɗan sandan da ya kama mutum ba. Majalisar jihar ta gyara dokar a Maris ɗin 2018, sai dai gyara ba ya aiki a kan abin da ya riga ya wuce. A 2019 aka janye tuhumar fyaɗe, suka amsa laifin karɓar rashawa da cin amanar aiki, aka yi musu talala ta shekara 5, ba ɗauri. Lokacin da wannan ya faru jihohin Amurka fiye da 30 ne ke da irin wannan giɓin. Ita ma gwamnatin tarayya sai a 2022 ta toshe shi a kan jami'anta masu kama mutane.

Ka duba inda shari'ar ta karkata. Maimakon a tambaye su abin da ya kai su ga wadda suka kama, yarinyar aka koma ana tuhuma: me ta faɗa jiya, me ta faɗa yau, wane irin hoto take sawa a intanet.

Baba Audu Ganduroba:
Ni na yi aikin nan har na yi ritaya, ba zan faɗi inda na yi ba. Sani ɗana, saurara.

Mace idan aka kawo ta, yawanci da zanen jikinta kawai take zuwa. Sabulu, audugar mata, madarar jariri idan da goyo, duk sai an shigo mata da su daga waje, kuma ta hannun ma'aikaci za su bi. Abincin da 'yan uwanta suka kawo a kwano, mai ƙofa ne zai ce ya shiga ko ya koma. Ranar kotunta, sai sunanta ya hau takarda kafin ta hau mota, in bai hau ba alƙali zai ɗage zama, ta ƙara wata ɗaya ko biyu. Tana so ta ji muryar 'ya'yanta, wayar a aljihun wani take. Na taɓa ganin yarinya ta yaga gefen katifa ta yi ƙunzugu da shi, saboda audugar da uwarta ta kawo an ajiye ta a ofis ana cewa ta zo da kanta ta karɓa da yamma. Kowa a wurin ya san ma'anar "da yamma".

To mutumin da yake riƙe da duk waɗannan ba ya bukatar ya daki kowa. Shiru kawai zai yi, ya jira. In ta zo da ƙafarta daga baya, kai za ka ce ita ta nema.

Maganar sharri kuma gaskiya ne akwai masu makirci a ciki, maza da mata, na gansu. Amma ma'aikacin da bai shiga ɓangaren mata shi kaɗai ba, wanda duk shigarsa a rubuce take a littafin ƙofa kuma da ma'aikaciya a gefensa, ba a iya ƙulla masa komai. Waɗanda na ga sun faɗa, ba wanda bai fara da karya wannan ƙa'idar ba.

Sani Mai Waya:
Baba na ji, Allah ya ƙara girma. Amma har yanzu ina ganin maza kawai ake hari da irin waɗannan dokoki.

Hajiya Rabi:
A'a Sani. Dokar ba ta ce namiji ko mace ba, ma'aikaci ta ce. A nan binciken da gwamnati ke yi a gidajen tsare yara masu laifi ya nuna yawancin samarin da suka ce ma'aikaci ya taɓa su, ma'aikata mata suka ambata. A Ingila ma, a Janairun 2025, an ɗaure wata ganduroba mace wata 15 saboda ta kwanta da fursuna namiji a gidan yarin Wandsworth na Landan. Ba wanda ya ce tunda namiji ne ai daɗi ya ji. Kuma kada mu manta da mazan da maza 'yan uwansu ke lalatawa a tsare, su ne ma suka fi kowa yin shiru don kunya.

Malam Nasiru:
Bismillah. Kada wani ya ɗauka wannan tunanin Turawa ne suka zo da shi. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya ruwaito daga Nafi'u cewa wani bawa da aka ɗora wa kula da bayin humusi (kashi ɗaya cikin biyar na ganimar yaƙi) ya tilasta wa wata kuyanga daga cikin waɗanda ke hannunsa. Sayyidina Umar ya yi masa bulala ya kore shi daga gari, ita kuwa bai taɓa ta ba domin tilasta ta aka yi. Mai tsaro ne da wadda yake tsaro, daidai abin da muke magana a kai.

Akwai kuma wadda Baihaƙi ya kawo: matar da ƙishirwa ta kusa kashewa, ta roƙi makiyayi ruwa ya ce sai ta ba shi kanta, ta ba shi. Da aka kawo ta gaban Umar, Sayyidina Ali ya ce wannan matsuwa ce, aka sake ta. Ba wuƙa makiyayin ya zare ba. Ruwa ya hana.

Sai dai akwai inda nake jin tsoro, kuma ina so Barista ta duba. A mazhabarmu ta Malikiyya, cikin da ya bayyana ga macen da ba ta da miji hujja ne a kanta, sai in ta zo da alamar tilastawa. Yanzu a ce mace ta yi shekara a tsare sai ga ciki. In ba a yi hattara ba ita za a fara tuhuma, wanda ya yi kuwa ya rantse ya tafi. Ni a fahimtata kasancewarta a kulle, ba ta fita ba ta shiga sai da izinin wani, ita kanta alama ce mai ƙarfi ta tilasci. Ya kamata a rubuta wannan ɓaro-ɓaro, kada a bar shi ga ra'ayin kowane alƙali.

Barista Hadiza:
Allah ya gafarta Malam, ka taɓo wurin. Bari in faɗi abin da muke da shi a Najeriya, don ba wai babu komai ba ne.

Dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu, ta ce a ware wa mata wurinsu, a yi wa kowacce gwajin ciki idan aka kawo ta, in kuma ta samu ciki tana tsare a yi bincike har da gwajin DNA a gurfanar da wanda ya yi. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta lissafa fyaɗe da cin zarafi ta hanyar jima'i cikin nau'o'in azabtarwa, hukuncinta har shekara 25. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ake kira VAPP, ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe ta haɗa da maza, ta kuma ce amincewar da aka samu ta hanyar barazana ko tsoratarwa ba amincewa ba ce, amma ita a Abuja take aiki kai tsaye, jihohi sai kowacce ta karɓe ta da kanta.

Inda gizo ke saƙar shi ne sashe na 282 na kundin hukunta laifuka na Penal Code da Arewa ta gada. Ya yi maganar amincewar da aka samu ta hanyar jefa mace cikin tsoron mutuwa ko rauni, amma bai ambaci wadda ke tsare ba. To lauyan ganduroba zai tashi ya ce wa ya yi mata barazanar mutuwa, ina raunin? Audugar da Baba ya ba mu labari ba ta shiga wannan lissafin ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne tarihin kundin. Namu na 1960 daga na Sudan aka ɗauko shi, na Sudan kuma daga na Indiya na 1860. Su Indiya sun ci karo da wannan matsalar tuntuni. A 1972 aka zargi 'yan sanda biyu da lalata wata yarinya a cikin caji ofis a jihar Maharashtra. A 1978 kotun ƙolinsu ta sallame su, hujjarta wai babu rauni a jikinta kuma ba ta yi ihu ba. Malaman shari'a 4 suka rubuta wa kotun buɗaɗɗiyar wasiƙa, mata suka fito zanga-zanga, a 1983 aka gyara doka. Aka sanya saduwar jami'i da wadda ke hannunsa ta zama laifi mai zaman kansa, kuma a shari'ar fyaɗen da aka yi a tsare, in an tabbatar saduwa ta faru ita kuma ta ce ba ta yarda ba, kotu za ta ɗauka ba ta yarda ba, shi ne zai kawo hujjar akasin haka. Tushenmu ɗaya da su, sun yi gyaran nan fiye da shekara 40 da suka wuce.

Falmata:
Anti Hadiza, don Allah kada a tsaya a gidan yari da caji ofis. Mu a Maiduguri mun ga wani iri. A Oktobar 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan mata da 'yan mata 43 a sansanonin gudun hijira 7 na cikin gari, waɗanda suka ce jami'an sansani da 'yan sanda da sojoji da 'yan sintiri sun yi lalata da su. Wasu da ƙarfi, wasu da alkawarin aure, wasu da abinci. Shugaban ƙasa ya ba da umarnin bincike, aka sanar da kama wasu. A 2018 Amnesty ma ta kawo irin wannan daga sansanin Bama.

Waɗannan mata ba fursunoni ba ne, ba su yi laifin komai ba. Amma ba sa fita sai da izinin mai ƙofa, kuma katin abinci a hannun wani yake. Uwa mai 'ya'ya huɗu da ba su ci komai ba tun jiya, in ta ce to, wace irin "to" ce wannan? Da aka haifi yaran, ita aka bari da gori, har yau wasu ba su iya komawa cikin danginsu ba. In za a rubuta doka a rubuta ta yadda za ta kama duk wanda ke riƙe da ƙofa ko abincin wani.

Maman Ilham:
Wallahi Falmata kin sa ni hawaye. A ƙara da gidajen mari. Ba mu manta na Rigasa a Kaduna ba a 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutum wajen 300, maza da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, wasunsu suka ce an yi lalata da su. Iyaye ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu tarbiyya.

Sani Mai Waya:
Na sansani da na gidan mari ba ni da ta cewa, Allah ya isar musu. Amma Hajiya, ke kika ce Amurka na da dokar nan tun tuni, kuma duk da haka aka yi abin da aka yi a Dublin, har da shugaban gida. To in takarda ba ta hana a can ba, a nan za ta hana?

Hajiya Rabi:
Tambayarka tana kan hanya. Bayan dokar hukunci, suna da wata ta 2003 ta kawar da fyaɗe a gidajen yari da ake kira PREA, wadda majalisunsu biyu suka amince da ita ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba, Shugaba Bush ya sa hannu. Ƙa'idojinta sun fito a 2012: namiji ba zai laluba jikin fursuna mace ba sai da larura, zai yi sanarwa kafin ya shiga ɗakin kwanansu, kuma dole a samar wa fursuna hanyar kai ƙara ga wata hukuma ta waje. Duk da haka, rahoton wani kwamitin majalisar dattawa a Disambar 2022 ya gano an ci zarafin mata a 19 daga cikin gidajen yarin tarayya 29 da aka tsare mata a cikinsu a shekaru 10.

A Dublin matan sun yi ta faɗa. Wadda ta buɗe baki sai a kai ta ɗakin kaɗaici, ko a ɗauke ta zuwa wata jiha nesa da 'ya'yanta. Ƙorafi yana tafiya ne zuwa teburin mutanen da ake ƙorafi a kansu. Abin bai motsa ba sai da na waje suka shigo: 'yan jarida, FBI, lauyoyi, da alƙaliyar da ta naɗa mai sa ido daga waje a 2024. Amma ka lura, da suka shigo sun tarar da dokar da za su kama mutum da ita. Garcia bai samu damar cewa sun yarda ba. 'Yan sandan Brooklyn sun samu, kuma ka ji yadda tasu ta ƙare.

Barista Hadiza:
Mu ma muna da ƙofar waje a rubuce, amfani da ita ne ba a yi sosai. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, sashe na 34, ta ce majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda aƙalla sau ɗaya a wata ya duba waɗanda ke tsare. Sashe na 7 ya hana kama wani a madadin wani, amma har gobe ana ɗauke mata a ce sai mijinta ya fito, ta kwana bayan kanta ba da laifinta ba. Ka tuna kuma wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarinmu jiran shari'a suke, ba a same su da laifi ba tukuna.

Duk wanda 'yar uwarsa ke tsare: ku riƙa zuwa, ku bari a san tana da mutane. In ta faɗa muku wani abu kada ku fara kai wa shugaban wurin. Ku je Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko ofishin Legal Aid mai ba da lauya kyauta, ku nemi likita ya duba ta da wuri, kayan da ke jikinta kuma kada a wanke.

Ina da niyyar rubuta daftarin sashe guda, gajere, mu kai wa 'yan majalisar jihohinmu. Malam, zan turo maka ka duba ta fuskar fiƙihu.

Malam Nasiru:
Turo, in sha Allah zan duba, zan kuma nuna wa wasu alƙalan kotun shari'a da muke karatu tare.

Baba Audu Ganduroba:
'Yata, in za ki rubuta kada ki ce "jami'i" kawai, za su zame ta nan. Ki sa direban motar kotu, da mai dafa abinci, da ɗan kwangilar da ke kawo hatsi, da ma'aikacin asibitin ciki, da malami ko faston da ke shigowa wa'azi, da fursunan da aka naɗa shugaban ɗaki. Ki sa hukunci a kan wanda ya gani ya yi shiru, domin a wurin aikin nan ba abin da ake yi wanda na kusa bai sani ba. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya da ake kira ta Mandela ta ce makullin ɓangaren mata ya zauna a hannun mace, namiji kuma ba ya shiga sai da rakiyar ma'aikaciya. To ki rubuta cewa dole a ɗauki mata aiki isassu, har na dare. Na yi aiki a inda ma'aikaciya ɗaya ce tak, in ta tashi ƙarfe shida makullin teburin maza yake komawa.

Barista Hadiza:
Na rubuta duka, Baba. Falmata, turo mini ta akwatin sirri yadda ake ba da izinin fita da katin abinci a sansani, ina so kalmomin sashen su kama wannan ma.